Tsarnawa: Ana auna albasa da buhu, wa ke auna abin da ke cikinta?

Duk wanda ya bi babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi a watan Afrilu, ba sai an gaya masa ya iso Tsarnawa ba. Tun kafin ya kai mahaɗar da hanyar Tawa ta ɓalle, warin albasa ne zai tarbe shi. Ga buhuna jibge a bakin kwalta, ga ƴan dako na ɗorawa, ga manyan motoci na jiran lodi zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Lome. Daga Birnin Ƙonni zuwa Galmi har Madawa, da kuɗin albasa ake biyan makaranta, da shi ake aurar da ƴaƴa, da shi ake sauke farali.

Nijar tana noma albasa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma jihar Tawa ce ke kan gaba. Albasar Galmi ta shahara har wani kamfanin iri na ƙasar waje ya taɓa neman mallake sunanta, manoman Nijar suka tashi tsaye sai da aka hana shi. Daga baya hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a wasu ƙasashen Afirka ta yi mata rajista a matsayin amfanin gona mai asali a wannan yanki.

Sai dai har yanzu da ido da hannu ake cinikin wannan dukiya. Dillali zai kwance bakin buhu, ya duba girma da launi, ya matsa wuyan albasa ya ji ko ta bushe, a yi ciniki, a ɗora. Ba a tambayar sau nawa aka yi wa shukar feshi, ko da wane magani, ko kwana nawa ne tsakanin feshin ƙarshe da cira. Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin ganyen albasar, tana cikin ruwan rijiyar garka, tana kuma cikin jinin yaron da ya goya tankin feshi, kuma kimiyyar yau tana iya karanto ta cikin ƴan sa'o'i.

Lokaci ya yi da yankin Ƙonni da Malbaza da Illela zai samu wurin gwaji na kansa, kusa da inda ake noman da inda ake lodin, tun kafin wata ƙasa ta yi gwajin a madadinsa ta yanke masa hukunci.

Abin da ke shiga garka

Babban abokin gabar mai noman albasa wani ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba, wanda masana ke kira Thrips tabaci. Yana ɓuya can ƙasa inda ganyaye suka haɗu, yana karce fatar ganyen yana tsotse ruwansa har ya yi fari-fari ya lanƙwashe. Da zarar sanyi ya ja baya zafi ya shigo, sai ya hayayyafa da sauri, domin makonni biyu zuwa uku kawai yake ɗauka daga ƙwai zuwa babba. Manomin da ya ci bashin iri da taki da man injin ban-ruwa ba zai tsaya kallo ba, kasuwa zai nufa ya sayo magani.

A can ne matsalar ke farawa. A ƙa'ida, ba a sayar da maganin ƙwari a Nijar sai wanda kwamitin CSP na ƙasashen Sahel ya tantance, kwamitin da ke aiki ƙarƙashin ƙungiyar CILSS tun shekarun 1990. Amma ƙididdigar da RECA, wato haɗakar majalisun manoman Nijar, ta sha yi a kasuwanni ta nuna cewa akasarin magungunan da ke kan teburan ƴan kasuwa ba su da wannan izini. Da yawa ta kan iyaka suke shigowa, tunda ƴan kilomitoci ne kawai tsakanin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato. Bayanin da ke jikin kwalbar da Ingilishi yake, a ƙasar da ko wanda ya yi boko Faransanci ya koya. Shi ya sa murfin kwalba ya zama ma'auni, mai shago ya zama malamin gona.

Idan magani ya ƙi ci, sai a ƙara yawansa ko a gauraya iri biyu. Hakan kuwa gaba ta kai ƙwaron. Kowane feshi yana kashe masu rauni ya bar masu jurewa, su kuma su haifi irinsu, kuma bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa wannan ƙwaro ya daina jin wasu daga cikin magungunan da aka fi fesa masa. Feshin yana kuma hallaka gizo-gizo da sauran ƙananan maharban da ke rage shi kyauta. Manoman tumatir na Kano da Kaduna sun ga irin haka a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki duk da feshin da aka yi ta yi, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Ya kamata a yi wa albasa adalci a nan. Ƙwayarta tana da ɓawo da ake ɓarewa kafin a ci, saboda haka ragowar maganin da ke kaiwa tukunya ta wannan hanya yawanci ba ya kai na kayan ganye. Haɗarin ya fi yawa a wasu wurare. Akwai mai feshin kansa, wanda sau da yawa yaro ne ko ɗan ƙwadago, ba takalmi ba safar hannu, iska na maido masa da maganin a fuska. Akwai ganyen albasar, wanda shi ne maganin ke sauka a kansa kai tsaye, kuma shi ne lawashin miya, shi ake shanyawa a yi gabu. Akwai salati da kabeji da tumatir da tattasai na gefen garka, waɗanda ake juye musu ragowar tanki, a cire su gobe ko jibi a kai kasuwa. Sannan akwai rijiyar da ake wanke tankin a bakinta.

Jinsin maganin da fiya-fiya ke cikinsa yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari na jikin jijiya, wanda aikinsa shi ne share saƙo bayan ya isa inda aka aike shi. Idan aka toshe shi, jijiya ba ta samun hutu, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Ɗan'adam ma da wannan sinadari jijiyoyinsa ke aiki. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, gumi, dalalar miyau, tashin zuciya da gani dishi-dishi. A garka akan ce zafin rana ne ko zazzaɓin cizon sauro, a sha ƙwaya a koma bakin aiki.

Giram ɗaya a cikin tan 100

Fannin kimiyyar da ke amsa tambayar mene ne a cikin abu, kuma nawa ne, shi ne ilimin tantance sinadarai, kuma ya yi nisa ƙwarai a shekarun nan. A 2003 wasu masana, Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu, suka fito da hanyar da ake kira QuEChERS daga wani ɗakin bincike na ma'aikatar noman Amurka. Ana markaɗa kayan lambun, a ɗebi giram 10, a zuba wani ruwan sinadari da ke jawo maganin daga cikinsa, a ƙara wasu nau'o'in gishiri, a girgiza, a juya shi a na'ura har ya rabu. Aikin da a da yake cin yini ya koma na ƙasa da sa'a ɗaya.

Ruwan da aka tace sai a tura shi cikin wani siririn bututu. Kowane sinadari da saurin tafiyarsa a ciki, kamar yadda jaki da raƙumi da doki ba sa isa kasuwa lokaci ɗaya ko da tare suka bar gida. A bakin fita akwai na'urar da ke farfasa kowanne ta auna nauyin gutsattsarinsa, wanda shi ne tamkar zanen yatsansa. Da gwaji ɗaya ana iya gano magunguna ɗaruruwa, har zuwa miligiram 0.01 a cikin kilo. Wannan daidai yake da a nemo giram ɗaya a cikin tan 100 na albasa, wato kusan lodin tirela uku.

Irin wannan na'ura tana da tsada, amma tana da ƙannai masu araha. Tun shekarun 1980 Taiwan ke amfani da wani gwajin gaggawa a manyan kasuwannin kayan lambunta. Ana ciro sinadarin jijiyar nan daga kan ƙuda, a haɗa shi da ruwan da aka wanke ganye a ciki. Idan akwai magani, sinadarin zai kasa aiki, launin ruwan ya nuna haka cikin mintoci, a dakatar da kayan a aika da samfur babban ɗakin gwaji. Jinsi biyu kawai na magunguna wannan gwaji ke kamawa, amma suna cikin waɗanda suka fi saurin illa ga mutum.

Da dabara iri ɗaya ake auna mai feshi. Ɗigon jini daga yatsa da wani ƙaramin akwati da ake iya ɗauka a jaka sun isa su nuna ko sinadarin jijiyarsa ya ragu, a ce masa ya huta da tanki na wasu makonni. Ruwan sha kuma akwai ƴan takardun da ake tsomawa su sauya launi, da ƙananan na'urori masu aiki da batir. Duk waɗannan ba sa buƙatar farfesa. Matashin da ya gama digirin farko a fannin sinadarai ko ilimin halittu zai iya riƙe su bayan horo na ƴan makonni.

Wake da Tibiri da Zamfara

Abin da rashin gwaji ke jawowa ba sai an je nesa neman misalinsa ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan ɗakunan gwajinta sun yi ta samun sinadarin DDVP, wato na fiya-fiya, a cikinsa. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, amma an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato ninki 460 a mafi muni. An yi nufin haramcin ya yi shekara ɗaya, sai ga shi ana ta tsawaita shi. Ƴan kasuwar da suka zuba maganin a buhu don gudun ƙwaro sun ja wa har manomin da bai taɓa amfani da shi ba, kuma irin waken da Turai ta ƙi shi ne ake ci a gida ba tare da wani ya auna ba.

Na biyu ya faru ne a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000 mutanen garin sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Sai da ɗaruruwan yara suka taso da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora kafin a gane daga ina abin yake. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta FIDH da takwararta ta Nijar ANDDH suka fitar da rahoto a kan lamarin. Waɗannan yara yanzu magidanta ne, da nakasar suke rayuwa.

Na uku shi ne gubar dalma a Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Da masana suka iso da wata na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta faɗi adadin dalma cikin ƙasa da minti ɗaya, nan take aka san gidajen da za a kwashe wa ƙasa.

A duka ukun, abin aunawar yana nan tun kafin ɓarnar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar. Ya dai iso ne a makare. Yankin Ƙonni yana da dalilin ɗaukar wannan darasi da muhimmanci, musamman a kan ruwa. Filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin eka ta zamani kusan 2,450 da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, da dubban garake na fadamun Majiya, duk ana zuba musu takin yuriya kowace shekara. Abin da shuka ba ta sha ba yana zama naitiret ya gangara zuwa ruwan da ke kusa da doron ƙasa, wanda rijiyoyin garka ke ɗiba, kuma masu aiki daga nan suke sha. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ce a lita, jarirai ne kuma suka fi shiga haɗari idan aka wuce ta. Shi kuwa fulorayid daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta. Sai an auna kowace za a san wadda ke da lafiya.

Ƙananan halittu, abokan gaba da abokan aiki

Wani zai ce to idan an rage feshi, da me za a kare amfanin gona? A nan ne binciken ƙananan halittu da na zamantakewar ƙwari da tsirrai ke da abin faɗa, kuma an yi babban ɓangarensa ne a cikin Nijar.

A fara da rudu. Kowane mai albasa ya san farashin Afrilu da na Oktoba ba ɗaya ba ne, yakan ninka sau da yawa, amma wanda ya ajiye yakan buɗe rudu ya tarar kaso mai yawa ya ruɓe. Baƙin garin nan da ake gani ƙarƙashin ɓawo funfuna ce mai suna Aspergillus niger, tana son zafi, tana shiga ta wuya ko ta rauni. Ruɓewa mai ruwa da wari kuma aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke narkar da abin da ke riƙe naman albasar. Abin da bincike ya nuna a kan wannan bai buƙatar sayen komai: yuriya a ƙarshen noma tana sa wuya ya yi kauri ya ƙi bushewa, ban-ruwa har ranar cira yana buɗe wa cuta ƙofa, haka ma yanke ganye tun yana ɗanye. A tsayar da ruwa kwanaki kafin cira, a jira ganye ya kwanta, a bar wuya ya bushe sosai. Rage takin ƙarshe yana ceton albasa a rudu, yana kuma rage abin da ke gangarawa rijiya.

Sai buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi ta taka rawa wajen gwada shi, aka fara yaɗa shi a 2007. Larry Murdock da Ibrahim Baoua da abokan aikinsu sun gano yadda yake kashe ƙwaron wake, kuma abin da ban mamaki. Wake busasshe ne, don haka ƙwaron yana samun yawancin ruwan jikinsa ne daga ƙona abinci da iskar da yake shaƙa. Idan aka ɗaure buhu iskar ta ƙare, sai ya daina ci, ya rasa hanyar samun ruwa, ƙishirwa ta kashe shi. Wannan ita ce amsar matsalar da ta sa Turai ta rufe wa waken Najeriya ƙofa, ba tare da ɗigon fiya-fiya ba.

Akwai kuma murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Masanan INRAN da na ICRISAT da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi sun yi shekaru suna aiki a kan wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya shanye mata jiki ya yi ƙwai a kanta. Ana kiwonsa a ƴan jakunkunan algarara da aka zuba wa gero da tsutsotsi, a rataya su a gonakin ƙauye lokacin da gero ya fara fitar da kai. Jakunkuna 15 suna iya kare gonakin da ke kewaye da ƙauye guda, kuma gwaje-gwaje sun nuna ƙarin amfani na kusan kashi ɗaya cikin uku. Yanzu har ƙungiyoyin manoma na kiwonsa suna sayarwa.

Tun kafin wannan, shirin LUBILOSA da aka fara a 1989 ya samar da maganin fara daga wata funfuna mai suna Metarhizium, aka gwada shi a manyan filaye a gabashin Nijar, aka sa masa suna Green Muscle. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya kashe fara, amma ba ya taɓa tsuntsu ko zuma ko dabba. Ga kuma ƴaƴan bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, waɗanda ruwansu ke hana ƙwaro ci da saɓa, kuma suna zube a ƙarƙashin kowace inuwa a Ƙonni.

Masu cewa manomi ba ya karɓar sabon abu su tuna da Illela. A 1989 wasu manoman yankin suka kai ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a kan fako a zuba taki su tare ruwan sama. Da suka dawo suka gwada a ƴan gonaki. Cikin ƴan shekaru tassa ta mamaye dubban eka, har filin da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Ba wanda ya tilasta musu. Sun gani da idonsu ne, an kuma yi musu bayani da harshen da suke ji.

Hujjojin masu ja da baya

Hujja ta farko da za a ji ita ce gwaji zai tona asiri ya ɓata sunan albasar Galmi. Wannan tsoro yana da tushe, domin rayuwar dubban gidaje ta rataya a kan wannan suna. Amma a zamanin da saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke iya zagaye Akara da Abijan a yini guda, jita-jitar guba za ta iya karya farashi ko da ƙarya ce, kuma wanda ba shi da takardar gwaji ba shi da abin kare kansa sai rantsuwa. Rufe iyakoki da aka yi a 2023, lokacin da motocin albasa suka maƙale a hanya kaya suka ruɓe, ya nuna yadda wannan kasuwa ke da saurin jin ciwo. Senegal da Burkina Faso da arewacin Najeriya duk suna faɗaɗa nomansu. Nan gaba mai saye zai samu zaɓi, kuma wanda ya zo da shaida shi zai riga.

Hujja ta biyu kuɗi. Gaskiya ne babbar na'urar tantance sinadarai takan haura sefa miliyan 100, tana son wutar da ba ta yankewa da ƙwararren mai gyara, kuma Afirka cike take da irinta da aka kawo kyauta suka mutu a ƙarƙashin leda. Ba wanda ke cewa a dasa ta a tashar Tsarnawa. Abin da ake buƙata a tasha shi ne tebur na gwajin gaggawa, wanda zai tace kaya ya aika da abin da ya ba da shakku zuwa gaba. Babban ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai tsangayar ilimin noma, ta fi kusa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, mai sassan sinadarai da ilimin ƙananan halittu, kusan kilomita 100 ce. Tunda maganin ta wannan iyaka yake ratsowa, babu dalilin da zai hana ilimin auna shi ratsowa ta nan.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: talaka ne zai sha wuya. Idan gwaji ya zama wata sabuwar hanyar cin tara ko karɓar na goro a bakin hanya, manoma za su guje shi, kuma suna da gaskiya. Don haka a shekarun farko kada a haɗa shi da hukunci. A fitar da sakamako da sunan yanki da nau'in amfani, a ɓoye sunan mai gona, a gaya masa nasa shi kaɗai tare da shawarar abin da zai gyara. Hukunci ya tafi kan masu shigo da haramtaccen magani da manyan diloli, waɗanda suka san abin da suke sayarwa.

Inda za a fara

Kananan hukumomin yankin da ƙungiyoyin masu albasa irin su ANFO suna da abin farawa a hannu. Kowane buhu da ya hau mota ana karɓar wani abu a kansa. Ƴan daloli kaɗan daga ciki, idan aka ware su a bayyane, za su riƙe teburin gwaji a Tsarnawa da Galmi tsawon kaka, su biya matasa biyu ko uku albashi. Sau ɗaya a shekara a auna rijiyoyin sha na kowane ƙauye da na garake, a liƙa sakamakon a ofishin magajin gari, a shafa wa rijiyar da ba ta da lafiya jan fenti. Asibitocin Ƙonni da Galmi da Illela su samu akwatin gwajin jinin masu feshi, su fita da shi garake a watannin Janairu zuwa Maris da feshi ke yawa.

Su ma masu bincike akwai bashi a kansu. Ɗalibai da malamai sukan zo su ɗebi ƙasa da ruwa da ganye, su yi wa manoma tambayoyi, su koma su rubuta da Faransanci ko Ingilishi, a ba su digiri, mai garkar bai sake jin ɗuriyarsu ba. Ya kamata jami'o'i su sa sharaɗi: duk wanda ya ɗebi samfur a ƙauye, sai ya koma ya faɗi abin da ya samu da Hausa, a gaban maigari ko a gidan rediyon yankin, kafin a sa masa hannu. RECA ta riga ta nuna hanya da layin wayarta da saƙonnin murya da take aika wa manoma da harsunan gida.

Ƴan ci-rani kuwa, waɗanda jihar Tawa ta fi kowace yawansu, su ne suka fi kowa kusa da kunnen mai garka. Wanda ke Abijan ko Akara ko Legas ko Aljeriya, da ke aiko da kuɗin injin ban-ruwa da taki, yana da bakin tambayar wane magani aka saya, ko yana cikin jerin CSP, kuma wa ke goya tankin. Takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci ba su kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. Matasan birni da suka karanta sinadarai ko ilimin halittu suna zaune ba aiki su ma su duba wannan fage, domin kiwon zanzaro da haɗa maganin bedi da gwajin ruwa sana'o'i ne da ke da masu saye.

Daga watan Oktoba za a fara zuba irin albasa na sabuwar shekara, feshi kuma zai biyo baya kamar kullum. Shugabannin ƙananan hukumomin Tsarnawa da Dogerawa da Malbaza, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, suna da damina guda a gabansu su zauna da jami'ar Tawa su tsayar da wanda zai riƙe teburin farko da kuma inda kuɗinsa zai fito.